Yadda Basira Ta Tono Muryar Inna

Ranar addu'ar arba'in ɗin Inna, bayan malamai sun watse an naɗe tabarmi, na tsayar da 'yan'uwa a tsakar gida na ce kada kowa ya motsa, akwai abin da zan nuna musu. Na zaro wayata daga aljihu a hankali, yadda mai magani ke zaro ƙullinsa a kasuwa. Na ce, "Ku da kuke cewa ba ni da amfani sai surutu, yau za ku ji muryar Inna."

Bidiyo ne da na ɗauka da hannuna ranar sunan jikana, sati uku kafin rasuwarta. 'Yata Naja'atu ta zo gida haihuwar fari, aka yi suna a nan Gummi. Da hantsi Inna ta karɓi jaririn ta ɗora a cinya, ta yi masa waƙar renon da ta yi mana mu takwas. Waƙa ce rabi Fulatanci rabi Hausa, wadda ta taho da ita daga rugarsu ta wajen Nasarawa Burkullu. Dukanmu mun san amonta, amma ba wanda ya riƙe baitocinta. Wa ke zama haddar abin da yake ji kullum?

Na danna. Ga Inna nan da farin mayafinta, tana jijjiga yaro, bakinta na motsi. Sai murya ta fito, rangaɗau, ta cika tsakar gida. Tawa ce. Ina bayanin ragon da surukina ya kawo, wai in iska ta taso sai an ɗaure shi da dutse kada ya tashi sama. Na yi dariya. Na ƙara wata zolayar, na sake dariya. Bakina yana manne da waya, Inna tana can ƙarshen ɗaki. Ta waƙarta ba a jin komai sai ɗan gunaguni, kamar sauro a bayan ƙofa.

Minti biyu aka jure. Yaya Dija, babbarmu da ta zo daga Anka, ta ce, "Auta, kashe."

Shekarata hamsin da ɗaya, ina da jika, ina da shagon ɗinki da keke uku, amma a gidanmu har gobe Auta nake. Na kashe. Naja'atu ta saɓa ɗanta ta shige ɗaki. Ita ce ta roƙe ni tun ranar sunan in adana mata waƙar, don ta koya ta riƙa yi wa yaron. Wannan tashin nata ya fi mini zagi ciwo.

Washegari na yi abin da ya fi na farko muni. Na cire memorin wayar na kai wa Tanko.

Duk wanda ya san kasuwarmu ya san irin rumfar Tanko: wayoyi sittin a jere suna shan caji, lasifika na ihu, shi kuma yana tura wa mutane finafinai da waƙoƙi. Na ce, "Tanko, akwai dabarar da za a cire muryata a bar ta tsohuwa?" Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ƙaramin aiki ne, Malam Shafi'u. Memorin naka ya yi datti, sai an wanke shi. Dawo bayan azahar."

Na dawo bayan azahar. Ya wanke shi kuwa. Ya share komai tas, bidiyon Inna, hotunan suna, har awon kwastomomina da nake ɗauka a hoto. Don in ji daɗi ma ya yi mini gyara da finafinan faɗa goma sha biyu.

Jama'a, ku tsaya in yi faɗa, don na daɗe ina haɗiye shi. Wane irin mutum ne za a miƙa masa abu a ce ga uwata a ciki, ya share bai buɗe ya duba ba? Ni tela ne. In ka kawo mini shadda, ba na sa almakashi sai na tambaye ka sau biyu. Amma waɗannan, ciwo ɗaya suka sani, magani ɗaya: waya ta yi nauyi, a wanke, hoto ya ƙi buɗewa, a wanke, kai ma in ka tsaya kusa da su da yawa wanke ka za su yi. Da na ɗaga murya, cewa ya yi, "To ai ba ka ce mini kana son abin da ke ciki ba." Ba na so, na ɗauko shi tun daga gida cikin rana? Mutane suka taru suna ba ni haƙuri, ni da aka yi wa ɓarna, shi kuma ya ci gaba da tura wa wani waƙa.

Kwana biyu ban faɗa wa kowa a gida ba. A na uku na wanke ƙafa na tafi wurin Basira, kuma tafiyar nan ta yi mini nauyi, don akwai abin da ke tsakaninmu.

Basira ƙawar Naja'atu ce, gidan mijinta yana bayan injin casar shinkafa. Ita ke ɗaukar bidiyon biki da suna ta ɓangaren mata, inda namiji mai kyamara ba ya shiga. Kafin sunan, Naja'atu ta ce a kira ta. Ni na hana. Na ce wannan danne-dannen har sai an ɗauko wani? Ga waya a hannuna. Basira ta zo sunan a matsayin ƙawa, hannu rabbana. Da na gama ɗauka har na bi ta na ce, "Kawo wayarki in tura miki ki ga aikin manya." Ta miƙo, na tura, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Kawu." A lokacin na ɗauka yabo ne.

Ba 'yar Gummi ba ce. A Bagega aka haife ta. Babanta, Malam Nuhu, injin niƙan hatsi gare shi, da zamanin zinari ya zo ya koma niƙa dutse kamar kowa, har cikin gida ake shanya garin dutsen. Tana da shekara goma sha biyu gubar dalma ta shiga garin ta riƙa ɗaukar yara. A gidansu ta ɗauki ƙanwarta Zinatu, 'yar shekara biyu, wadda Basira ce ke goyonta. Bidiyon yarinyar ɗaya ne tak a duniya, tana koyon tafiya tana riƙe da turmi, a wayar babansu. Bayan wata huɗu da rasuwarta wayar ta suɓuce daga aljihunsa ta faɗa kududdufin wanke ƙasar zinari. Shi ke nan.

Suka koma Anka da zama. Can ta yi sakandare, can ta fara zama a shagon hoton wani ɗan'uwan babanta, tana share ƙura tana leƙen yadda ake aiki da kwamfuta, har ta fi mai shagon. Amma Naja'atu ta ce ba shagon ne ya mayar da ita haka ba. Wata rana ce innarsu tana tsince shinkafa ta ɗago ta ce, "Basira, tabon nan na Zinatu, a kuncin dama yake ko na hagu?" Basira ta ce dama. Babansu ya ce hagu. Ba inda za a duba. Har yau ba su sani ba.

Wannan matar ce mutanen garin nan ke cewa tana wasa da waya. Ni ma na faɗa, ban cire kaina ba. Za ta hau bayan babur tun safe ta bi hanyar Bukkuyum da yanzu sai da addu'a ake binta, ta yini a tsaye, ta dawo ta yi kwana uku tana gyara, sannan wani ƙato ya karɓa ya ce, "Ai na ɗauka yau-yau za a ba ni, ba dannawa kawai ake yi ba?" Su ne masu ajiye janareta a gindin tagar amarya, su ne masu ɗaura lasifika a kan wanda ke addu'a, in an kawo musu bidiyo su ce sauti bai fita ba. Ya fita ya je ina?

Na yi sallama, mijinta ya yi mini iso zuwa ɗakin aikinta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai tebur ɗaya, kwamfuta a kai, batirin sola a ƙasa, bango an rataye tsofaffin barguna. Na ce, "Basira, sanyi kike ji a watan nan?" Ta ce don kada sauti ya riƙa dukan bango yana dawowa ne. Na zauna na karanta mata abin da ya faru, ina yi ina rage laifina ina ƙara wa Tanko.

Ta bar ni na gama. Ta ce, "Kawu, kafin ka kai mashi, ka kwafe shi wani wuri?"

Na ce a'a.

"Ko wayar Naja'atu?"

Na ce ai kunyar abin nake ji, ban tura wa kowa ba. Na manta shaf da turawar ranar suna.

"Awo. Abu guda, wuri guda, hannun Tanko." Ta juya ga kwamfutarta. "Mi ne ranar sunan?"

Na faɗa mata. Ta rubuta kwanan watan, sai ga suna ya fito: shekara, wata, rana, sannan "sunan ɗan Naja'atu, ɗaukar Kawu Shafi'u". Ta danna. Ga Inna da farin mayafinta. Ga ni ina zagin rago.

Ban taɓa jin daɗin muryata kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin haushinta kamar ranar ba.

Na ce, "Ke da na tura wa don in yi miki gori, kika ajiye?"

Ta ce, "Ni ban yar da tsohuwa don wanda ya ɗauke ta bai iya ba."

A nan na ga yadda take aiki. Duk abin da ya shigo hannunta, kafin ta ci abinci sai ta kwafe shi wuri uku. Ɗaya a kwamfuta. Ɗaya a wata ma'ajiya mai girman sabulun wanka, da take sakawa cikin gwangwanin madara da ɗan ƙyalle saboda damina. Na uku a wata irinta da ke gidan innarta a Anka, duk wata sai ta kai sabuwa ta karɓo tsohuwa. Na ce me ya sa har Anka? Ta ce kwafi biyu a ɗaki ɗaya kwafi ɗaya ne, in gobara ta zo ko ruwa ya shigo ba ya tambayar wanne ne na ajiya. Na ce to intanet fa, da yara ke cewa ana ajiya a sama? Ta ce tana sa wasu, amma shekarar da aka rufe layukan waya a jihar nan, masu ajiya a sama sun yi wata da watanni suna kallon sama. Kuma ba ta yarda ta kwafe ba sai ta buɗe kwafin ta gani da idonta yana tafiya.

Ta sake yin wani kwafin na bidiyona ta ce a kansa za ta yi aiki, uwar bidiyon ba a taɓa ta. Wannan na gane shi, ko ni ba na gwada sabon yanka a kan shaddar mutane. Ta saƙala abin ji a kunne, ta yi ta ja da baya tana saurare. A allon, sauti ya fito kamar kunyoyin gona: nawa manya-manya kamar na rogo, na Inna ba a ko ganinsu.

Ta cire abin kunnen ta ce, "Kawu, gaskiya za ni gaya maka. Ƙugin janareta ina iya rage shi, don amonshi guda ne ba ya canzawa. Iska ina iya rage ta. Amma murya bisa murya, taka a bakin waya tata a nesa, in na matsa sai ta koma kamar mai magana cikin randa. Ba ita za ku ji ba."

Na ce, "To ƙara tata mana."

"In na ƙara tata, taka za ta ƙaru. Tare kuke."

 Ita kuwa ba ta daina kallon allon ba. Ta riƙa tafiya da hoton kaɗan-kaɗan, sai ta tsayar, ta faɗaɗa gefen gwiwar Inna. Ta ce, "Hannun wa ne wanga?"

Hannu ne mai awarwaro, riƙe da 'yar ƙaramar waya mai maɓalli, dab da Inna. Na gane awarwaron. Sahura ce, ɗiyar ƙanen Inna, da ta zo suna daga ruga.

Basira ta ce, "Wagga ta fi ka hankali. Ba hoto take ɗauka ba, murya take naɗa, kuma ta kai wayar inda bakin yake. Je ka samo ta. Kada a turo, kada a bi ta hannun kowa. Wayar nake so, da memorinta a ciki."

Na tafi. Mota zuwa Nasarawa Burkullu, babur zuwa ruga, ƙasusuwana duk suka sauya wuri. Na tarar da Sahura tana gyaran ƙwarya. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya, na kawo maganar. Ta ce e, tana nan, takan saurara in kewar Goggo ta taso mata. Na ce ta ba ni in kai a kwafa.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai? Kai da anka ce ka kai taka kasuwa anka wanke?"

Ashe labarin ya riga ni zuwa. Na rantse, na kawo shaidu, na tuna mata ni na ɗinka kayan aurenta. Ta ƙulle wayar a bakin zane ta ce ranar kasuwa za ta shigo Gummi da ƙafarta. Na dawo hannu wofi ina faɗa a bayan babur, mai babur yana cewa, "Baba, da ni kake?"

Ta zo kuwa. Ta zauna a ɗakin Basira ba ta saki wayar ba sai da aka kwafe a gabanta, aka buɗe kwafin ta ji, aka mayar mata da memorinta. Sannan Basira ta juyo kaina ta karanta mini darasi. Wayar a kwance ake riƙe ta ba a tsaye ba, gwiwar hannu a jingine da jiki. Janareta a kai shi bayan gida. In tsoho zai yi magana, a ajiye wata wayar kusa da bakinsa tana naɗar murya kaɗai. "Mai ɗauka kuma," in ji ta, "numfashi kawai anka yarda ya yi." Ta ce in ba ta kwana biyu, kuma kada in zo ina tsaya mata a ka.

Ranar da ta gama, da la'asar ta zo gidanmu da kwamfutarta da ƙaramar lasifika. Yaya Dija ta sake zuwa daga Anka. Aka shimfiɗa tabarma, Naja'atu ta zauna gaba da yaron a cinya.

Basira ta danna. Hoton nawa ne, ta daidaita karkacewarsa, ta yanke farkon inda na ɗauki silin da ƙafafun mutane. Amma muryar ta wayar Sahura ce, ta zauna daram a kan leɓen Inna, ba ta riga ba ba ta makara ba. Ga 'yar rawar nan ta muryarta, ga inda take jan numfashi kafin baiti na biyu. Ni kuma ina can nesa, ƙasa-ƙasa, kamar rediyon maƙwabta. Yaya Dija ta ja mayafi ta rufe fuska. Naja'atu tana bin waƙar da leɓe, tana jijjiga ɗanta yadda Inna ke yi a allon. Ni ma wani abu ya shiga mini ido.

Waƙar ta ƙare. Na ɗauka shi ke nan. Sai Inna ta ɗago kai daga kan jaririn, ta dubi kyamara, wato ni, ta tafa hannu sau ɗaya, tas! Ta ce da ƙarfi, "Auta! Rufe mana bakinka, yaro na barci!"

Tsakar gida ta fashe. Yaya Dija tana hawaye tana dariya har da riƙe ciki, ta ce a maimaita. Aka maimaita sau uku. Wallahi na manta Inna ta faɗi haka. Mutumin da ake ce wa ya yi shiru sau goma a yini ba ya riƙe na ranar suna.

Na bi Basira zaure tana naɗe wayoyinta. Na ce, "Basira, aiki ya yi, Allah ya yi albarka. Amma wannan na ƙarshen ba shi da amfani. Kin yanke silin, kin yanke ƙafafu, shi me ya hana ki? Jikokina za su gani. Dattijo ne ni a garin nan. Ki cire shi kafin ya yaɗu."

Ta zuge jakarta, ta rataya a kafaɗa.

"Kawu, wancan tafin shi kaɗai ya fito sarai a wayarka da ta Sahura, da shi na haɗa muryar da hoton. Ba don an ce ka rufe baki ba, da ba a samu waƙar ba. Kuma cikin minti bakwai, nan ne kawai muryar Inna ta danne taka. Na ajiye shi wuri uku, guda ya riga ya tafi Anka. In kana son a wanke, ka san rumfar Tanko."